Da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya: Gaskiyar Magana Kan Rancen Fara Sana'a

Ranar da na fara shiga banki neman rance, na sa shaddata mafi kyau, na riƙe fayil mai ɗauke da sakamakon ND ɗina da wasu shafuka takwas da na kira tsarin kasuwanci. Naira miliyan ɗaya da rabi nake so. Niyyata in kama shago, in zuba farantan sola da batura da inbata, in zama ubangidan kaina kafin in dawo HND. Ma'aikaciyar da ta karɓe ni ba ta wulaƙanta ni ba ko kaɗan. Ta buɗe fayil ɗin, ta duba shafin farko, sannan ta yi mini tambayoyi huɗu. Nawa ka zuba naka a ciki? Wata nawa ka yi kana wannan sana'ar? Ina takardar shige da ficen kuɗin asusunka? Idan abin bai tafi daidai ba, me za mu riƙe, ko wa zai biya?

Amsata ta farko babu, ta biyu babu, ta uku asusun da kuɗin makaranta kaɗai ke ratsawa ta cikinsa, ta huɗu kuma na yi shiru. Ta mayar mini da fayil ɗina, ta ce, "Malam, ka je ka fara tukuna, sai ka dawo mu yi magana." Na fito raina a ɓace, ina cewa a zuciyata, to in da na fara, me zai kawo ni wurinku?

Shekara biyu ke nan da wannan rana. Yanzu ina ajin ƙarshe na HND a sashen lantarki, ina haɗa wa mutane sola a gidaje da shaguna, na ci rance sau biyu, ɗaya na hankali ɗaya na wauta. Na rubuta wannan ne saboda kusan kowane mako sai wani ɗan uwa ɗalibi ya tare ni a bakin ɗakin karatu ko a wurin mai shayi ya ce, "Don Allah ina ake samun rancen nan na fara sana'a?" Ga abin da na sani, da abin da na gani da idona.

Me ya sa banki ke cewa a'a?

Abu na farko da ya kamata mu cire daga ranmu shi ne tunanin cewa banki ya ƙi mu ne don ba mu da uwa a gindin murhu. Akwai inda sanayya ke aiki, ban musa ba. Amma asalin dalilin ya fi wannan sauƙi. Kuɗin da ke banki ba na banki ba ne, na masu ajiya ne, kuma kowane lokaci mai ajiya zai iya zuwa ya ce a ba shi abinsa. Saboda haka tambaya ɗaya ce a kan ma'aikacin rance: kuɗin nan zai dawo?

Don ya amsa wannan tambayar, abubuwa huɗu yake dubawa, kuma su ne ainihin tambayoyin da aka yi mini. Yana duba halinka wajen biyan bashi, wato ko ka taɓa ci ka biya. Yana duba ko sana'ar na shigo da kuɗin da zai isa a riƙa biya duk wata. Yana duba abin da kai ka zuba, domin wanda bai sa ko sisinsa ba, ranar da kasuwa ta yi tsami ba abin da zai hana shi rufe shago ya tafi. Sannan yana duba jingina ko wanda zai tsaya maka.

Sabon ɗalibin da ba jari ba gogewa, duka huɗun babu. Ka ga ke nan ko ɗan uwanka ne ke zaune a kujerar, hannunsa a ɗaure yake. Ƙari a kan haka, kuɗi ya yi tsada a ƙasar nan. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari. Bankunan kasuwanci a saman wannan suke ɗora nasu. Sabuwar sana'ar da za ta biya irin wannan kuɗin ruwa a shekararta ta farko, ta ciyar da mai ita, kuma ta rage abin juyawa, ba ta da yawa.

Hausawa sun riga sun gama maganar: da ruwan ciki ake jan na rijiya. Aikinmu shi ne mu gane yadda ake samun ruwan cikin tun muna makaranta.

Abin da za ka iya tarawa ba tare da kuɗi mai yawa ba

Na farko, gogewa. Mu 'yan kwalejin kimiyya da fasaha muna da wata dama da muke wasa da ita: watannin SIWES da kuma shekarar koyon aiki tsakanin ND da HND. Da yawanmu neman inda za a sa mana hannu a littafi kawai muke yi. Ni ma da farko haka na yi niyya. Bayan banki ya sallame ni ne na koma wurin wani mai haɗa sola a unguwarmu na roƙe shi ya ɗauke ni yaro. Wata goma ina ɗaukar tsani, ina hawa rufin kwano da tsakar rana. A nan na koyi abin da ba ya cikin kwas: wane batir ne kwastoma ke dawowa da shi bayan wata uku, wane dila ne ke cika alkawari, nawa ake cirewa na mota da na abinci kafin a ce an ci riba, da yadda ake karɓar kuɗi a hannun mutumin da ya ce "sai ƙarshen wata". Da an ba ni miliyan ɗaya da rabin nan a ranar da na nema, wallahi da na zuba rabinsa a kayan da ba sa tafiya.

Na biyu, takardu. Ka tabbata kana da BVN da NIN, kuma sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a duka biyun da kuma a katin makaranta. Bambancin harafi ɗaya ya isa ya tsayar da fom ɗinka. Idan sana'ar ta fara motsi, ka yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC. Ana yi ta intanet, kuma rajistar suna ta fi ta kamfani araha da sauƙi. Dokar kamfanoni ta 2020 ma ta ba mutum ɗaya damar kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai, amma ga mai farawa rajistar suna ta wadatar. Da takardar CAC za ka buɗe asusun banki da sunan sana'ar.

Na uku, tarihi a asusu. Wannan shi ne abin da na fi so kowa ya riƙe. Duk kuɗin da sana'a ta kawo, ko dubu biyu ne, ya bi ta asusu ɗaya, kada ka haɗa shi da kuɗin cefane ko na kati. Bayan wata shida zuwa shekara, takardar shige da ficen asusun nan za ta yi maka maganar da bakinka ba zai iya ba. Mai ba da rance ba ya ganin ƙwazonka, amma yana ganin lambobi.

Na huɗu, littafi. Littafin rubutu na 'yan firamare ya isa. Kwanan wata, abin da ka saya, abin da ka sayar, wanda kake bi, wanda ke bin ka. Darasin EED da muke ɗauka don cika maki kawai, a nan amfaninsa yake. Tsarin kasuwancin da na kai banki da farko kwafo shi na yi daga intanet na sauya sunaye. Wanda na rubuta daga baya shafi biyu ne kacal, amma kowace lamba a ciki daga littafina ta fito, kuma duk tambayar da aka yi mini na amsa ba tare da na duba takarda ba.

Ƙofar farko ba ta banki ba ce

Ku dubi manyan 'yan kasuwar Kantin Kwari ko Dawanau ko Singa. Ku tambayi iyayenmu yadda akasarinsu suka fara. Yaron shago ne, ya yi shekaru yana hidima, ubangidansa ya ga amanarsa ya fara ba shi kaya ya je ya sayar ya kawo kuɗi, a ƙarshe ya sallame shi da ɗan jari. Wannan ma rance ne, sai dai na kaya, kuma jinginarsa ita ce amana.

Ni ta nan na shiga. Aikina na farko na kaina, wani mai shagon ɗinki ne yake son sola ƙarama da za ta ɗauki fitilu da fanka da cajin waya. Na lissafa masa komai, na ce ya ba da kafin alƙalami na kashi sittin cikin ɗari. Sauran kayan kuma ubangidana ya kai ni wurin dilan da yake sayayya ya ce, "Alhaji, wannan yarona ne, a ba shi, in bai kawo ba ni zan biya." Kwana tara na mayar da kuɗin. A karo na uku ban buƙaci rakiya ba. Ka lura, ban taɓa jarin kaina ba a aikin nan: kuɗin kwastoma da kayan dila ne suka yi aikin, ni na sa ƙarfina da ilimina.

Wannan hanyar ba ta sola kaɗai ba ce. 'Yar uwa mai yin cincin ko kek na biki za ta iya karɓar rabin kuɗi kafin ta sayi fulawa. Mai ɗinki haka. Mai sayar da atamfa ko takalma a ɗakin kwanan ɗalibai za ta iya karɓo kaya kaɗan a wurin dila ta sayar ta cire ribarta. Mai gyaran waya ba ya buƙatar shago a ranar farko, tebur a gefen shagon wani ya isa.

Sai adashi. Kada a raina shi don iyayenmu mata ne suka fi yi. Mutum goma, kowa dubu biyar a mako, duk mako wani ya kwashi dubu hamsin, babu kuɗin ruwa. Da kwasata ta farko na sayi na'urar awon wuta da injin huda bango. Haɗarinsa ɗaya ne: wanda ya kwasa da wuri ya daina zubi. Don haka ka shiga da waɗanda ka san gidajensu, kuma a rubuta.

Sai 'yan uwa. Idan kawu ko yaya zai ba ka, ku fayyace tun farko: kyauta ce, rance ne, ko jari ne da za a raba riba? Ku rubuta adadi da wa'adi, a sami shaidu. Na san kunya ke hana mu, amma zumunci da yawa ya lalace a kan "ai na ɗauka ba ni ka yi".

Ƙananan bankuna da ƙungiyoyin haɗin kai

Mataki na gaba shi ne ƙananan bankunan da aka kafa don masu ƙaramin ƙarfi. Su ba sa neman takardar fili ko gida a ƙaramin rance. Abin da suka fi nema shi ne sana'ar da ke tafiya, asusu a wurinsu na ɗan lokaci, da mutum ɗaya ko biyu da za su tsaya maka. Wasu kuma rukuni suke ba wa: mutane su haɗu, kowa ya tsaya wa ɗan uwansa, in ɗaya ya gaza sauran su cike. Wannan salon Muhammad Yunus ne ya shahara da shi ta bankin Grameen a Bangaladash, har ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 2006. Ma'aikacinsu zai zo ya ga wurin sana'arka da idonsa, ya ƙirga kayanka, ya tambayi maƙwabta. Suna farawa da kaɗan, in ka biya a kan lokaci su ƙara.

Akwai kuma abin da da yawa ba su sani ba. Tun 2017 akwai dokar da ta amince a yi jingina da kadarar da ake iya ɗauka, kamar inji, keken ɗinki, babur, kayan shago ko dabbobi, kuma akwai rajistar jingina ta ƙasa a ƙarƙashin Babban Banki inda ake shigar da su. Ke nan janaretanka ko injin ɗab'inka na iya zama jingina. Ka riƙa adana rasit na duk kayan aikin da ka saya.

Ƙungiyar haɗin kai mai rajista ita ma hanya ce. Kana zuba ajiya duk wata, bayan wani lokaci a ba ka rance gwargwadon abin da ka tara, yawanci da sauƙi fiye da banki. Nan ma dai ka ga sai ka fara kawo naka.

Shirye-shiryen gwamnati

Wannan shi ne inda kowa ya fi zuba ido, kuma inda aka fi yaudarar mutane. Bari in faɗi waɗanda na sani.

Bankin Masana'antu, wato BOI, ya ƙaddamar da wani shiri tare da hukumar NYSC a 2015 don masu yi wa ƙasa hidima, inda aka riƙa ba da rancen da ya kai naira miliyan 2 bayan an tace tsarin kasuwanci an kuma ba da horo, satifiket ɗin kammala hidima yana cikin abin da ake riƙewa. Mu masu HND da ke shirin tafiya hidimar ƙasa, ya kamata mu kasa kunne a sansani lokacin laccocin koyon sana'a na SAED, domin a nan ake sanar da irin waɗannan damarmaki. Yawancinmu barci muke yi a lokacin.

Akwai shirin AGSMEIS da bankuna suka kafa a 2017, inda kowane banki ke ware kashi 5 cikin ɗari na ribarsa, aka riƙa raba rancen ta ƙaramin bankin NIRSAL, har zuwa naira miliyan 10, da sharaɗin sai mutum ya yi horo a cibiyar da aka amince da ita. Sai dai tun da shugabancin Babban Banki ya sauya a 2023, bankin ya sanar cewa zai ja baya daga irin waɗannan shirye-shiryen tallafin rance. Saboda haka duk wanda ya zo maka da tsohon fom yana cewa ana kan rabawa, ka je reshe da ƙafarka ka tambaya.

Bankin Raya Ƙasa na DBN, wanda ya fara aiki a 2017, ba ya ba mutum rance hannu da hannu. Bankuna da ƙananan bankuna yake ba wa, su kuma su ba masu ƙananan sana'o'i. Duk wanda ya ce zai samo maka kuɗi kai tsaye daga can, ka san inda ya dosa. Hukumar SMEDAN kuma, da aka kafa a 2003, aikinta horo da rajistar ƙananan sana'o'i da haɗa su da masu ba da kuɗi, kuma tana da ofisoshi a jihohi. Shiga ka yi tambaya ba ya cin ko kwabo.

Abu biyu game da waɗannan shirye-shiryen. Suna buɗewa suna rufewa, kuma masu nema sun ninka abin da ake da shi, don haka ka nema amma kada ka jingine rayuwarka kana jira. Sannan rance ne, ba rabon ganima ba. Tunanin nan na "kuɗin gwamnati ne, wa zai biya" shi ne ya kashe shirye-shirye da dama, ya rufe ƙofa ga na baya. Haka kuma kada a rikita su da rancen ɗalibai na NELFUND da aka fara a 2024. Wancan na kuɗin makaranta ne da ɗan abin kashewa, ba jarin sana'a ba.

Idan kyauta kake nema ba rance ba, gidauniyar Tony Elumelu tun 2015 take zaɓar matasa daga faɗin Afirka tana ba su horo da jarin dala 5,000 da ba a mayarwa. A farkon Janairu ake buɗe nema, kuma ko sana'ar tana matakin tunani ana iya shiga. Gasa ce mai zafi, amma cike fom ɗin kansa makaranta ne, domin zai tilasta maka amsa tambayoyin da kake gudu.

Ga mai gudun riba ta haram

Da yawanmu abin da ke tsayar da mu shi ne kuɗin ruwa, kuma dalili ne mai ƙarfi. Akwai bankunan da ba sa mu'amala da shi. Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021. Hanyar da suka fi bi da ƙananan 'yan kasuwa ita ce murabaha: ba za a damƙa maka kuɗi ba, bankin ne zai sayi kayan da kake buƙata ya sayar maka da ribar da kuka amince tun farko, ka biya kashi-kashi. Misali, injin naira 400,000 a sayar maka 460,000 a wata goma sha biyu, kuma adadin ba zai ƙaru ba. Akwai ijara, wato haya, da musharaka da mudaraba, wato haɗin jari da raba riba. Amma kada ka ɗauka sadaka ce. Tambayoyi huɗun nan da aka yi mini, su ma za su yi maka su.

Ka iya lissafi kafin ka sa hannu

Rancena na hankali daga wani ƙaramin banki na karɓe shi, bayan na yi shekara ina ajiya a wurinsu. Kafin in sa hannu wani malaminmu na sashen akanta ya zaunar da ni ya koya mini abin da zan koya muku yanzu.

A ce an ba ka naira 300,000 a kan kashi 4 cikin ɗari a wata, na wata shida. Kashi 4 kamar ba komai ba ne a kunne. To akwai hanya biyu ta lissafa shi. Idan a kan uwar kuɗin gaba ɗaya ake lissafawa har ƙarshe, kowane wata 12,000 ne, wata shida 72,000. Jimilla 372,000, wato 62,000 duk wata. Idan kuma a kan abin da ya rage ake lissafawa, kana rage 50,000 duk wata, kuɗin ruwan zai riƙa sauka: 12,000, 10,000, 8,000, 6,000, 4,000, 2,000. Jimilla 42,000. Kashi ɗaya aka faɗa maka, amma bambancin naira 30,000 ne. Don haka ka tambaya: a wata ne ko a shekara? A kan duka ne ko a kan ragowa? Akwai kuɗin fom, na inshora, na gudanarwa? Nawa ne zai shigo hannuna, kuma nawa zan mayar gaba ɗaya? Yaushe biyan farko? Mene ne tarar jinkiri? Ka sa a rubuta maka a takarda.

Sannan ka duba me za ka yi da kuɗin. Idan haja ka saya wadda ke fita cikin mako biyu ko uku, uwar kuɗin tana dawowa da kanta, riba kuma ta biya abin da aka ɗora. Idan inji ka saya ko ka biya hayar shago, to 62,000 ɗin nan duka daga ribarka za ta fito kowane wata. Littafinka ya nuna kana samun haka? In bai nuna ba, ka rage adadin ko ka haƙura tukuna. Kuma kada ka ci rance don fenti da allon suna da kujerar ofis. Waɗannan ba sa haihuwa.

Wautar da na yi

Yanzu ga wadda nake jin kunyar faɗa. Ana saura kwana biyu in kammala wani aiki kuɗi ya yanke mini, sai na sauke wata manhajar rance a wayata. Minti goma aka turo. Na nemi 30,000, aka cire 3,000 tun a sama, 27,000 suka shigo, aka ce in mayar da 36,000 cikin kwana goma sha huɗu. Wato ɗaya bisa uku na abin da na karɓa, a mako biyu. Kwastoman ya yi jinkirin biya, na wuce wa'adi da kwana uku. A rana ta huɗu mahaifina ya kira ni. An tura masa saƙo cewa ɗansa maci amana ne kuma ana nemansa. An tura wa limamin unguwarmu, an tura wa ubangidana, an tura wa wata da nake nema. Ashe lokacin da na danna "na yarda", na ba su izinin kwashe duk lambobin da ke wayata.

Na biya a ranar, amma abin da ya zube bai kwasu da sauƙi ba. Baba bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Da ka tambaye ni dubu talatin, ko babu zan nemo." Wannan maganar ta fi mini zafi fiye da saƙon.

Hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu irin waɗannan kamfanoni a Legas a 2022, ta kuma fito da tsarin rajista da jerin waɗanda ta amince da su. Ana iya kai mata ƙara. Amma ko mai rajista ne, rancen mako biyu ba jarin sana'a ba ne.

Sai 'yan damfara. Alamarsu ɗaya ce: ka biya kafin a ba ka. Kuɗin fom, kuɗin sa suna a jeri, kuɗin "oga na ciki". Suna yawo a rukunonin WhatsApp da Facebook da tambarin gwamnati. Kada ka ba kowa lambar sirrin katinka ko lambar da banki ya turo maka ta waya, komai sunan da ya kira kansa. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Idan biya ya gagara

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma kasuwa na iya juya wa kowa baya. Abin da ba shi da kyau shi ne ɓuya. Zamanin da mutum zai ci bashi a wannan banki ya koma wancan ya wuce. Akwai kamfanonin da ke tattara tarihin bashin mutane, irin su CRC da FirstCentral da CreditRegistry, kuma masu ba da rance na duba su kafin su amince. Tun watan Agustan 2020 kuma akwai tsarin GSI, wanda ke ba banki damar cire bashinsa daga duk wani asusu da ke haɗe da BVN ɗinka a wasu bankuna, bisa izinin da ka sa wa hannu ranar karɓar rance. Bashin dubu ashirin da ka yi watsi da shi kana ND zai iya tare maka miliyoyi bayan shekara biyar.

Ka kuma tuna da wanda ya tsaya maka. In ka gudu, shi za a kama, albashinsa ko shagonsa. Idan ka hango ba za ka iya biyan wannan watan ba, ka je tun kafin ranar, da littafinka a hannu, ka nemi a sake tsara maka biyan. Sau da yawa suna yarda, domin su ma kuɗinsu suke so, ba rigima ba.

Inda nake yanzu

Har yau ban kama shagon nan ba. Kayan aikina suna ɗakina, dila na ba ni kaya na mako biyu, na gama biyan rancen ƙaramin bankin, kuma sun ce in na tashi za su ninka. Ina da yaro ɗaya ɗan ND da ke bi na aiki ranar Asabar, na kuma sa shi ya sayi littafinsa. Kwanakin baya na wuce ta gaban bankin da aka mayar mini da fayil, na tuna maganar matar nan da ta ce in je in fara. A lokacin na ɗauka kora ce.

Shawarata ga wanda ke ND ɗaya yau: wannan zangon ka nemi wanda ke yin sana'ar da kake so ka riƙa zuwa wurinsa, ko kyauta ne. Ka gyara BVN da NIN. Ka ware asusu ɗaya. Ka sayar da wani abu, komai ƙanƙantarsa, ka rubuta. In ka yi haka, ranar da za ka karɓi sakamakon HND kana da shekaru na tarihi a hannu, kuma in aka yi maka tambayoyi huɗun nan kana da amsar aƙalla uku. Mai son ganin yadda nake tsara littafina, ina sashen lantarki kusan kullum bayan la'asar, sai dai in ina kan rufin wani.